Ɗan Aike Ne Ko Sarki?

Kwanan baya na je gaida kawuna a ƙauyenmu da ke arewa da Maraɗi. Muka zauna a gindin dogon yaro da yamma, hira ta kai mu ga zancen 'yan siyasa. Kawun nan nawa ya yi wajen shekara talatin yana yi wa 'yan takara yawon neman ƙuri'a, tun daga zaɓen 1993, ya kuwa sa hular jam'iyya uku daban daban ba tare da jin kunyar kowa ba. Da na ce masa an zaɓi shugaba ne domin ya yi wa jama'a hidima, sai ya yi dariya har ya ajiye goron da ke hannunsa. Ya ce, "Ɗana, aikin koyarwa ya hana ka sanin duniya. Ka taɓa ganin wanda ya sayar da gonarsa da shanunsa ya shiga takara domin ya zama baran wani? Mulki ake nema. Wanda ya samu ya ci, ya ɗan sam mana, shi ke nan."

Ban amsa masa ba a ranar, gama ba a ja da kawu a gaban 'ya'yansa. Amma maganar ta tsaya mini a rai, domin ba shi kaɗai yake faɗinta ba. Ana jinta a tashar mota, ana jinta a fadar samari masu shan shayi, har a bakin waɗansu masu ilimi mai zurfi. To, ga amsata a rubuce. Ban ce kawu ya yi ƙarya a kan abin da idonsa ya gani ba. Abin da nake ƙi shi ne a mai da wannan hali ya zama shi ne daidai, a ce haka siyasa take, haka kuma za ta dawwama.

Bari mu fara da sunayen da su da kansu suke amsawa. Sa'ad da nake yaro a makarantar mishan, mushenmu ya taɓa bayyana mana cewa kalmar "minista" ta fito ne daga Latinanci, ma'anarta kuwa bara, watau mai hidima. Kalmar "depite" kuma, wadda muke kiran ɗan majalisa da ita, ma'anarta wanda aka aika. Ashe ɗan aike ne. To, mai karatu, a ce ka ba yaro jika biyar ka aike shi kasuwa ya auno maka gero, sai ya komo da sabon takalmi a ƙafarsa, ba gero, ba canji, sa'an nan ya ce ka durƙusa ka gaishe shi kafin ka yi tambaya. Me za ka kira wannan yaro? Albashin minista da motarsa da man da take sha da gidan da yake kwana, duk daga aljihunmu suke fitowa, daga harajin da mai tallan ƙosai take biya a kasuwa, da kuɗin kwastan, da uraniyom na Arlit, da man fetur na Agadem. Kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski.

Kowane ɗan takara yana cewa shi bawan jama'a ne, saboda haka bakinsa ba ya isa shaida. Gine gine ma ba su isa ba, gama Fir'aunan Masar sun yi gine ginen da suke tsaye har yau, ba wanda ya kira su bayin talakawa. Inda ake rarrabe ɗan aike da sarki shi ne ranar da mai aiken ya ce, kawo lissafi, da ranar da ya ce, tashi, lokacinka ya cika. Mu ɗauki wannan mudu mu auna tarihin ƙasarmu Nijar da shi.

Ina ɗan shekara goma ko kusa da haka aka yi Babban Taron Ƙasa a Yamai, daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, Andre Salifu yana shugabancinsa. Ban fahimci kome sosai ba a lokacin, amma ina tuna mahaifina da maƙwabta sun kewaye rediyo, suna jin manyan da ba a iya ɗaga ido a dube su jiya ana yi musu tambayoyi a bainar jama'a, suna amsawa. Kafin a kai can sai da aka zub da jinin ɗalibai a gadar Kenedi ran 9 ga Fabrairu 1990. Taron ya ƙwace yawancin ikon Janar Ali Saibu, shi kuwa, ko da yake soja ne mai bindiga a bayansa, ya haƙura, ya zauna har aka yi zaɓe, ya miƙa kujera a 1993 ya koma gida. Na ambaci wannan domin kada kawu ya ce ba a taɓa yi ba.

Amma waɗanda suka gaje shi fa? A 1993 jam'iyyu suka haɗa kai suka kai Mahaman Usman ga shugabanci, Mahamadu Isufu ya zama firaminista. Ba a cika shekara biyu ba suka ɓata, a kan iyakar ikon kowannensu. Isufu ya yi murabus a Satumba 1994, aka rushe majalisa, aka sake zaɓe a Janairu 1995, 'yan adawa suka ci rinjaye, Hama Amadu ya zama firaminista. Daga nan shugaban ƙasa da firaminista suka shiga ja in ja. Wane ne zai naɗa daraktocin kamfanonin gwamnati, wane ne zai tsara abin da za a tattauna a taron ministoci, har aka kai shugaban ƙasa ya ƙi zaman taron ministocin. Yanzu mu duba abin da talaka yake ciki a waɗannan watanni. A Janairu 1994 an karya darajar sefa da rabi, kayan da ake shigowa da su suka yi tsada. Ma'aikata suna bin gwamnati albashin watanni. 'Yan makaranta suna zaune a gida saboda yajin aiki. A rani na 1995 kuma annobar sanƙarau ta ratsa ƙasar ta kashe dubban mutane, yawancinsu yara. Waɗanda suka yi wayo a lokacin suna tuna yadda ake kwantar da marasa lafiya a ƙasa a bakin likita don ba gado. Ba zan ce manyan nan biyu su suka kawo cutar ba. Amma in da hidima ce ta kai su can, da wuya mutum ya sami zuciyar yin gardamar wa zai sa hannu a takardar naɗi alhali ana jana'izar yara kowace safiya. Ran 27 ga Janairu 1996 Kanar Ibrahim Ba'are Mainasara ya zo ya raba gardamar, ya kwashe su duka.

Wanda ya fi ba ni baƙin ciki a wannan tarihi shi ne Tanja Mamadu, domin shi mutum ne da talakawa suka so da gaske. Ya hau a Disamba 1999, aka sake zaɓensa a 2004. Da kuɗin bashin da ƙasashen waje suka yafe mana ya gina ɗakunan karatu da ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka masu yawa. Ni da nake yawo ƙauye ƙauye saboda aikina na gan su da idona, waɗansu ma na sha inuwarsu. Ba zan hana shi ladansa ba.

Duk da haka alama ta fara bayyana tun 2005. Fari da fara sun cinye amfanin gona a daminar 2004, shekara ta kewayo da yunwa. A Maraɗi mata suna layi da yara ramammu a bakin rumfunan likitocin agaji, duniya duka tana gani a talbijin. Shugaban ƙasa kuwa ya gaya wa 'yan jaridar waje cewa babu yunwa, mutanensa da alamar ƙoshi suke. A farkon shekarar gwamnati ta sa harajin kashi 19 cikin 100 a kan su garin alkama da madara da sukari, sai da ƙungiyoyi suka rufe kasuwanni da shaguna a manyan garuruwa kafin ta ja da baya. A Disamba kuma aka karɓi baƙi a Yamai domin wasannin ƙasashe masu magana da Faransanci. Ɗan aike na gari in ya tarar da gobara a gidan mai gidansa ihu yake yi, ba ya tsayawa a ƙofa yana ce wa masu wucewa lafiya lau. Wanda yake ɓoye yunwar mutanensa, sunansa yake karewa.

Sai 2009. Tsarin mulkin 1999 ya ce wa'adi biyu na shekara biyar biyar, ya kuma hana a taɓa wannan ƙa'ida. Tanja ya dafa Alƙur'ani ya rantse zai kiyaye shi. Da lokaci ya matso sai muka fara jin kalmar "tazarce". Aka ce jama'a ne suke roƙonsa ya ƙara shekara uku domin ya kammala manyan ayyukan da ya soma, matatar mai ta Damagaram, madatsar ruwa ta Kandaji, da gada ta biyu a Yamai. Kotun tsarin mulki, ƙarƙashin Salifu Fatimata Bazai, ta ce ba ya halatta. Ran 26 ga Mayu ya rushe majalisar dokoki. Kotu ta sake cewa a'a, ran 29 ga Yuni ya rushe kotun ita ma. Ran 4 ga Agusta aka yi ƙuri'ar raba gardama, 'yan adawa suka ƙaurace, aka ba da sanarwa cewa sama da kashi 92 cikin 100 sun ce i. Ran 18 ga Fabrairu 2010, da rana tsaka, sojoji ƙarƙashin Salu Jibo suka kama shi a fadarsa. Shekara ukun da ya nema bai ci ko wata biyu daga cikinsu ba.

A tsaya a kan hujjar nan ta "sai ni zan iya kammalawa", gama ita ce ƙaryar da mulki ya fi yi wa mai riƙe da shi. An buɗe matatar Damagaram a Nuwamba 2011, Tanja ba ya kan kujera. An gama gadar ba tare da shi ba. Kandaji kuwa, wadda aka aza harsashinta a 2008, shugabanni biyu zaɓaɓɓu sun zo bayansa har 2023 ba a gama ta ba, da shekara ukunsa ma ba su isa ba. Aikin ƙasa kamar gonar gandu ne, wani ya yi shuka, wani ya yi noma, wani ya yi girbi. Duk wanda ya ce in ba shi ba gona za ta mutu, ya riga ya ɗauke ta tasa ce. Na tuna kawuna yana cikin waɗanda aka kwasa a mota zuwa gangamin tazarce, an ba su kuɗin abinci da riga. Su ne "jama'ar" da aka ce suna roƙo.

Isufu ya yi wa'adinsa biyu ya miƙa wa Mohamed Bazum ran 2 ga Afrilu 2021, karo na fari da zaɓaɓɓen shugaba ya miƙa wa zaɓaɓɓe tun samun 'yancin kai a 1960. Ya yi daidai. Har aka ba shi kyautar Mo Ibrahim ta dalar Amurka miliyan 5. Amma mu yi tunani, ina muka kai da har mutum yake samun tukuici don ya mayar da jakin da ya ara? Tashi rabin jarrabawa ne, sauran rabin shi ne lissafi. A zamanin nan ne binciken da gwamnati da kanta ta sa aka yi a 2020 ya tona cewa an yi sama da biliyoyin sefa a cinikin makamai, an ninka farashi, an biya kuɗin kayan da ba su iso ba. A daidai lokacin muka binne soja 71 da aka kashe a Inates a Disamba 2019, da 89 a Cinagodar a Janairu 2020, 'ya'yan talakawa. A 2021 kuma wuta ta kama azuzuwan zana, ta cinye yara wajen ashirin a Yamai a watan Afrilu, ta sake cinye fiye da ashirin a nan Maraɗi a watan Nuwamba. Ba ɗan minista ko ɗaya da yake karatu a ajin zana.

Na san abin da waɗansu za su ce a nan, ai shi ya sa soja ya fi. Dattawa za su kawo zancen Seyni Kunce, wanda ya hamɓarar da Jori Hamani ran 15 ga Afrilu 1974 a tsakiyar yunwa, yana zargin manya da karkatar da hatsin agaji. Suna yabonsa da cewa a zamaninsa ma'aikaci ba ya makara, mai satar kuɗin gwamnati ba ya barci. Ban musa ba. Amma tsoron mutum ɗaya ne ya riƙe abin, da ya rasu a 1987 tsoron ya bi shi kabari. A zamaninsa kuma wa ya isa ya ce masa kawo lissafi? Sau biyar soja suna karɓar mulki a ƙasar nan, 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023, kowane karo da sunan ceton ƙasa. Dauda Malam Wanke ya miƙa cikin wata tara, Salu Jibo cikin shekara ɗaya da 'yan watanni. Ba'are kuwa ya tuɓe kaki ya shiga takara a Yuli 1996, ya rushe hukumar zaɓe ana cikin ƙidayar ƙuri'a, ƙarshensa masu tsaronsa suka harbe shi a filin jirgin Yamai ran 9 ga Afrilu 1999. A Maris 2025 an rantsar da Janar Abdurahaman Tiani na shekara biyar, aka kuma rushe jam'iyyun siyasa duka. Mudun da muka auna mai babbar riga, shi za mu auna mai kaki, ba ragi, ba ƙari.

Yanzu na iso wurin da ya fi mini wuyar rubutawa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu talakawa, ɗan aike muke so kuwa, ko sarki? In mutum ya yi minista shekara huɗu ya sauka bai gina bene ba, bai sa ƙannensa a kwastan ba, me muke kiransa a zaure? Ba ma cewa mai gaskiya. Sakarai muke cewa, wanda Allah ya ba shi ya ƙi karɓa. Tun asuba ƙofar gidan depite cike take, wannan matarsa ta haihu, wannan zai aurar da 'ya, wancan yana son kuɗin taki. Albashinsa ba zai ɗauki wannan kaya ba, mun kuwa sani, amma ba mu tambayar inda yake samowa. Maroƙa suna yi masa kirarin da a dā sarakuna kaɗai ake yi wa. Mu masu hidimar addini ma, na coci da na masallaci, mukan tashe tsoho daga kujerar gaba mu zaunar da mai ba da gudummawa mai kauri. Ni kaina na taɓa rubuta wa wani ɗan takara takarda ina roƙon kwanon rufi, na samu, na kuwa yi shiru a kan abubuwan da ya kamata in faɗa. Wanda ya karɓi gishiri da sabulu da turmin atamfa ya ba da ƙuri'arsa, an riga an biya shi, da wane baki zai ce kawo lissafi?

Ga abin da ya faru da mu. Shekarun baya famfon rijiyar burtsatse na ƙauyenmu ya lalace, mata suka koma tafiya mai nisa da jaki da jarka. Aka tashi mutum huɗu, har da ni domin ina jin Faransanci, muka tafi Yamai wurin depiten da muka zaɓa. Kwana uku muna zaman ƙofar gida. A rana ta uku ya fito zai shiga mota, dattijon da ke jagorancinmu, wanda ya haifi kamarsa, ya cire takalmi ya durƙusa yana cewa, "Ranka ya daɗe, talakawanka ne." Ya saurare mu a tsaye, ya ce za a duba, ya sa yaronsa ya ba mu kuɗin mota. Abin da har yau yake ci mini rai, a hanya muna ta sa masa albarka, muna cewa mutumin kirki ne, bai bar mu mun dawo da ƙafa ba. Ba ɗayanmu da ya tuna cewa mu muka aike shi. Ba a duba ba kuwa.

Kawu zai ce, to, ka gani, maganata ta fito. A'a, kawu. Abin da ya fito shi ne mutum yakan zama abin da aka bar shi ya zama. Son iko yana cikin zuciyar kowa, har da tawa, ba na kuma jiran ranar da mala'iku za su tsaya takara. Saboda wannan ne aka yi wa'adi, aka yi kotu, aka yi majalisa da jarida da ƙuri'a, kamar yadda ake yi wa doki linzami tun bai yi tutsu ba. Alƙalan da suka ce wa Tanja a'a sun rasa kujerunsu, amma sun nuna linzamin yana nan. 'Yan kasuwar da suka rufe shaguna a 2005 ba su da bindiga, gwamnati ta janye. In aka sake buɗe fagen zaɓe, mutanen dā ne za su komo da sababbin huluna da sababbin sunayen jam'iyya, za su kuwa iske kawu yana jiransu a gindin dogon yaro.

Famfon kuwa, da matan suka gaji da jira, sai suka kafa asusu, kowace jarka dala biyar. Cikin wata huɗu suka tara abin da ya isa, suka kira mai gyara daga Maraɗi. Suka zaɓi mace ɗaya ta riƙe kuɗi, da sharaɗi cewa kowace ranar kasuwa za ta zazzage su a tabarma a ƙirga a gaban kowa, wani ɗan makaranta yana rubutawa a littafi. Ta fari ta yi shekara biyu, wata rana lissafi ya gaza da jika uku, ta kasa faɗin inda suka shiga. 'Yar ƙanwar mai gari ce, duk da haka a nan take suka karɓi akwatin suka ba wata. Ta biyun da ta cika shekara uku ita da kanta ta ce a ba wata ta gwada. Matar kawuna ce take riƙe da akwatin a bana, ranar da na je gaisuwar ma na iske ta tana ƙirga.